Rabuwar Al'ummar Koriya da Rayuwa a Ƙarƙashin Mulkin Kama-Karya

1.0 Gabatarwa

A daren 30 ga watan Yuni na shekarar 1983, gidan talabijin na KBS da ke Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ya buɗe wani shiri na kai-tsaye domin taimaka wa mutanen da yaƙi ya raba da danginsu. Kowane mai nema yakan tsaya gaban kyamara riƙe da kwali, wanda aka rubuta sunan wanda ake cigiya, da garinsu na asali, da wurin da aka yi masa ganin ƙarshe. An tsara shirin ya ƙare a wannan daren, amma jama'a suka yi ta tururuwa zuwa harabar gidan talabijin ɗin suna liƙa takardun cigiya a bango da daɓe, har sai da aka shafe kwana 138 ana gabatar da shi. Iyalai sama da dubu goma ne suka sake haɗuwa. Sai dai babu mazaunin Arewa ko ɗaya cikin waɗanda suka gana ɗin. Wanda mahaifiyarsa ko ƙaninsa ya rage a Arewa, kwalinsa bai amfana masa komai ba, domin babu wasiƙa ko waya ko hoton talabijin da ke ƙetare iyakar.

Wannan maƙala ta bibiyi yadda al'umma ɗaya mai harshe ɗaya ta zama ƙasashe biyu, da irin rayuwar da talaka ya yi a ƙarƙashin shugabannin ɓangarorin biyu. Abin da tarihin ya nuna shi ne, baƙi ne suka ja layin da ya raba Koriya, amma masu mulkin cikin gida ne suka mayar da shi katanga, domin kowannensu ya sami hujjar danne mutanensa a cikin tsoron ɗan'uwansa na ƙetaren layi.

2.0 Koriya Kafin Rabuwa

Zirin Koriya yana gabashin Asiya, tsakanin Sin da Japan, ya kuma yi iyaka kaɗan da Rasha. Tun daga shekarar 936, lokacin da daular Goryeo ta haɗe yankin, mutanensa sun rayu a ƙarƙashin gwamnati ɗaya. Daga sunan wannan daula ne aka samo kalmar Koriya. Daular Joseon ta gaje ta a shekarar 1392, ta kuma yi sama da shekara ɗari biyar tana mulki. A zamaninta ne Sarki Sejong ya samar da haruffan Hangul, waɗanda aka ƙaddamar a shekarar 1446, domin talaka ya iya rubuta harshensa ba tare da ya sha wahalar koyon rubutun Sinanci ba.

Japan ta mayar da Koriya ƙasar da ke ƙarƙashin kariyarta a 1905, sannan ta haɗiye ta gaba ɗaya a 1910. Mulkin mallakar ya ɗauki shekara 35, kuma ya yi tsanani. An murƙushe zanga-zangar neman 'yanci ta ranar 1 ga Maris, 1919 da ƙarfin bindiga. Daga ƙarshen shekarun 1930 aka kawar da harshen Koriya daga makarantu, aka matsa wa mutane su ɗauki sunayen Japanawa, aka kwashi maza zuwa aikin tilas a ma'adinai da masana'antu, aka kuma tilasta wa mata da yawa zama bayin lalata a sansanonin soja. A 1942 an kama malaman Ƙungiyar Harshen Koriya da ke tsaka da haɗa ƙamus, biyu daga cikinsu suka rasu a kurkuku.

Masu fafutukar 'yanci sun warwatsu a duniya, kuma wannan warwatsuwa ta yi tasiri daga baya. Wasu sun kafa gwamnatin gudun hijira a Shanghai, wasu suna yaƙin sari-ka-noƙe a Manchuriya tare da 'yan kwaminisancin Sin, wasu kuma suna neman goyon baya a Amurka. Burinsu ɗaya ne, amma kowane rukuni da irin ƙasar da yake mafarkin ginawa.

3.0 Layin da Aka Ja Cikin Dare

A taron Alƙahira na 1943, Amurka da Birtaniya da Sin sun yi alkawarin cewa Koriya za ta sami 'yanci idan lokaci ya yi, ba tare da sun faɗi lokacin ba. A ranar 8 ga Agusta, 1945 Tarayyar Sobiyet ta shelanta yaƙi a kan Japan, sojojinta suka fara kutsawa arewacin Koriya, alhali sojojin Amurka suna can nesa a Okinawa. A daren 10 ga Agusta aka umarci wasu hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, su nemo inda za a raba aikin karɓar saranda daga sojojin Japan. Ba su san ƙasar ba, lokaci kuma ya ƙure. Suka duba taswira, suka zaɓi layin kwance na 38, saboda ya raba zirin kusan biyu kuma ya bar Seoul a hannun Amurka. Stalin ya amince. Babu Bakoriye ko ɗaya da aka tuntuɓa.

Layin bai bi kogi ko dutse ko tsohuwar iyakar lardi ba. Ya ratsa gonaki da ƙauyuka da hanyoyin jirgin ƙasa. Mafi yawan manyan masana'antu da ma'adinai da madatsun samar da lantarki sun faɗa Arewa, yayin da kusan kashi biyu cikin uku na jama'a da mafi kyawun filayen shinkafa suka faɗa Kudu. Ɓangarorin biyu sun dogara da juna kamar hanta da jini, shi ya sa lokacin da Arewa ta yanke wa Kudu wutar lantarki a watan Mayu na 1948, masana'antun Kudu suka shiga tasku.

An ɗauki rabon a matsayin na wucin gadi. A taron Mosko na Disambar 1945 manyan ƙasashe suka amince da riƙon amana na har zuwa shekara biyar, abin da ya fusata Koriyawa, ya kuma raba kan 'yan siyasarsu. Kwamitin haɗin gwiwa na Amurka da Sobiyet ya yi zama a 1946 da 1947 ba tare da cim ma komai ba, domin Yaƙin Cacar Baka ya riga ya kankama. Kowace ƙasa ta ɗaga nata mutum. Sobiyet ta tsayar da Kim Il Sung, tsohon ɗan sari-ka-noƙe mai shekara 33 wanda ya yi aiki a rundunar Sobiyet. Amurka ta jingina da Syngman Rhee, dattijo mai shekara 70 wanda ya shafe shekaru masu yawa a Amurka.

Masu neman tsaka-tsaki ba su kai labari ba. A Arewa an yi wa Cho Man-sik ɗaurin talala a farkon 1946. A Kudu an harbe Yo Un-hyong a 1947, sannan aka harbe Kim Ku a 1949, bayan ya je Pyongyang neman hana a kafa gwamnatoci biyu. An yi zaɓe a Kudu kaɗai ranar 10 ga Mayu, 1948, aka ayyana Jamhuriyar Koriya ranar 15 ga Agusta. Arewa ta ayyana tata jamhuriyar ranar 9 ga Satumba. Kowacce ta yi iƙirarin cewa ita ce halattacciyar gwamnatin zirin baki ɗaya. A tsibirin Jeju, inda aka yi tawaye don ƙin amincewa da zaɓen rabin ƙasa, sojoji da 'yan sanda da 'yan banga sun ƙona ƙauyuka masu yawa. Rahoton gwamnatin Koriya ta Kudu na 2003 ya ƙiyasta waɗanda suka mutu tsakanin 25,000 zuwa 30,000.

4.0 Yaƙin 1950 Zuwa 1953

Da asubahin 25 ga Yuni, 1950 sojojin Arewa suka ƙetare layin da tankokin Sobiyet, bayan Kim Il Sung ya sami amincewar Stalin da Mao. Cikin kwana uku suka kama Seoul. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tura runduna ƙarƙashin jagorancin Amurka, ƙasashe 16 suka ba da mayaƙa, ciki har da Habasha, wadda Sarki Haile Selassie ya aika da bataliyar Kagnew. Saukar sojojin Janar MacArthur a Incheon ranar 15 ga Satumba ta juya akalar yaƙin, suka kora sojojin Arewa har kusa da kogin Yalu. Ganin haka Sin ta shigo da dubban ɗaruruwan mayaƙa, aka sake komo da yaƙin kudu. Sau huɗu Seoul tana sauya hannu.

Idan giwaye suka yi faɗa, ciyawa ce ke shan wahala. A farkon yaƙin gwamnatin Rhee ta kashe dubban mutanen da take zargi da goyon bayan kwaminisanci, musamman waɗanda aka yi wa rajista a ƙungiyar Bodo. Sojojin Arewa su ma sun kashe jami'ai da masu gonaki da malaman coci a garuruwan da suka kama, suka kuma tafi da dubban mutane da ƙarfi. Jiragen Amurka sun zubar da bama-bamai a Koriya fiye da waɗanda suka zubar a fagen tekun Pasifik a Yaƙin Duniya na Biyu, har kusan babu wani babban birni a Arewa da ya tsira. A Disambar 1950 an kwashe fararen hula kusan 100,000 ta tashar jirgin ruwa ta Hungnam zuwa Kudu. Da yawansu sun bar tsofaffi a gida da niyyar komawa bayan 'yan kwanaki. Cikin waɗanda aka kwasa har da iyayen Moon Jae-in, wanda ya zama shugaban Koriya ta Kudu a 2017.

An sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta a Panmunjom ranar 27 ga Yuli, 1953. Rhee ya ƙi sa hannu, kuma har yau ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba. Mutum miliyan biyu da rabi zuwa uku ne suka halaka, mafi yawansu fararen hula, iyaka kuwa ta tsaya kusa da inda take tun farko. An bar fili mai tsawon kusan kilomita 250 da faɗin kilomita 4 a tsakani, wanda ake kira yankin da aka haramta wa soja, ko da yake gefensa biyu na cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan soja da nakiyoyi a duniya.

5.0 Arewa: Mulkin Gidan Kim

Kim Il Sung ya ɗora alhakin gazawar yaƙin a kan abokan hamayyarsa na cikin jam'iyya. An kashe Pak Hon-yong, jagoran 'yan kwaminisancin da suka fito daga Kudu, bisa zargin yi wa Amurka leƙen asiri. Bayan yunƙurin ƙalubalantarsa a watan Agustan 1956, ya kakkaɓe ɓangarorin da ke da alaƙa da Sin da Sobiyet. Ya kafa aƙidar Juche, wato dogaro da kai, wadda a aikace ta zama biyayya ga mutum ɗaya. Ya kamata a lura cewa a shekarun farko Arewa ta farfaɗo da sauri da taimakon ƙasashen kwaminisanci. An raba wa manoma gonaki tun 1946, an yaƙi jahilci, kuma har zuwa wajajen farkon shekarun 1970 tattalin arzikinta bai gaza na Kudu ba.

Ginshiƙin mulkin shi ne tsarin songbun, wato rarraba jama'a bisa asali. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka binciki tarihin kowane gida, aka kasa mutane gida uku: amintattu, da masu tangal-tangal, da maƙiya. Jikan wanda ya yi yaƙi da Japan tare da Kim amintacce ne. Jikan mai gonaki, ko malamin coci, ko wanda ɗan'uwansa ya gudu Kudu, maƙiyi ne tun daga haihuwa. Wannan matsayi shi ke yanke inda mutum zai zauna, da makarantar da zai shiga, da aikin da zai yi, har ma da wanda zai yarda ya aure shi. Zama a Pyongyang gata ne na amintattu.

Sa ido ya shiga har cikin ɗaki. Kowane gida yana cikin wata ƙungiyar unguwa da ake kira inminban, mai gidaje kamar ashirin zuwa arba'in, kuma yawanci mace ce shugabarta. Aikinta ta san baƙon da ya kwana da abin da ake faɗa a tsakar gida. Kowane ɗan ƙasa yana halartar zaman sukar kai a kai a kai, inda zai faɗi laifinsa a bainar jama'a, ya kuma faɗi na abokin aikinsa. Tafiya zuwa wani lardi sai da takardar izini. Rediyo da talabijin ana sayar da su a ɗaure a tashoshin gwamnati. A bangon kowane gida akwai hotunan shugabanni, waɗanda dole a riƙa goge su, kuma ana zuwa dubawa. Abinci kuwa a da gwamnati ce ke rabawa ta wurin aiki, don haka wanda ya bar aikin da aka ba shi ya bar abincinsa.

Wanda ya saɓa, akwai sansanonin fursunonin siyasa da ake kira kwanliso. Laifin mutum ɗaya yakan shafi iyayensa da 'ya'yansa, a kwashe gida guda ba tare da shari'a ba. Kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin alƙali Michael Kirby ya ƙiyasta a rahotonsa na 2014 cewa mutum 80,000 zuwa 120,000 ne ke tsare a waɗannan sansanoni, ya kuma bayyana abin da ke faruwa a ciki a matsayin laifukan cin zarafin bil'adama. Gwamnatin Arewa ta musanta rahoton.

Kim Il Sung ya rasu a watan Yulin 1994, ɗansa Kim Jong Il ya gaje shi a daidai lokacin da ƙasar ke durƙushewa. Rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta yanke man fetur da kayan gyara masu rahusa, noma ya dogara da taki da famfunan lantarki, sai ga ambaliyar 1995. Rabon abinci ya tsaya, musamman a lardunan arewa maso gabas. Masu nazarin ƙidayar jama'a da dama sun ƙiyasta waɗanda yunwa ta kashe tsakanin 600,000 zuwa miliyan ɗaya, wasu kuma sun kai adadin sama da haka. Waɗanda suka zauna jiran rabon gwamnati, irin su malaman makaranta da ma'aikatan masana'antu masu biyayya, suna cikin waɗanda suka fara mutuwa. Tashoshin jirgin ƙasa suka cika da marayu masu yawon tsintar abinci, waɗanda ake kira kotjebi.

Daga wannan masifa ne kasuwannin jangmadang suka tsiro. Tun da doka ta tilasta wa maza zuwa wuraren aikin da ba sa biyan komai, matan aure ne suka fita saye da sayarwa, suka zama masu ciyar da gida. Ta kan iyakar Sin shinkafa da tufafi suka shigo, tare da finafinan Koriya ta Kudu a faifai da ƙananan ma'adanan kwamfuta. A 2009 gwamnati ta sauya kuɗi ta kuma ƙayyade abin da mutum zai iya canzawa, ajiyar 'yan kasuwa ta narke cikin kwanaki. Duk da talaucin, ƙasar ta gwada makamin nukiliya na farko a 2006. Kim Jong Un ya gaji mahaifinsa a Disambar 2011, mulki ya shiga hannun jika.

6.0 Kudu: Daga Kama-Karya Zuwa Dimokuraɗiyya

Mai kallon Koriya ta Kudu ta yau zai iya ɗauka cewa tun farko ƙasar 'yanci ce. Ba haka abin yake ba, domin ta shafe kusan shekara arba'in a hannun masu mulkin danniya. Makaminsu shi ne Dokar Tsaron Ƙasa ta 1948, wadda ta sa duk mai suka zai iya zama ɗan kwaminisanci a idon hukuma. Kudu ma tana da nata salon gadon laifi: wanda ɗan'uwansa ya tafi Arewa yakan rasa aikin gwamnati ko gurbin makarantar soja. Dokar hana fita da dare ta yi aiki tun daga 1945 har zuwa Janairun 1982.

Rhee ya gyara kundin tsarin mulki domin ya zarce, ya kuma tafka maguɗi a zaɓen Maris na 1960. Da aka tsinci gawar wani ɗalibi, Kim Ju-yul, a gaɓar tekun Masan da gwangwanin barkonon tsohuwa a idonsa, ɗalibai suka cika tituna. Rhee ya sauka a watan Afrilu, ya tafi Hawaii inda ya rasu. Gwamnatin farar hula da ta biyo baya ba ta daɗe ba, Janar Park Chung Hee ya yi juyin mulki ranar 16 ga Mayu, 1961.

Zamanin Park shi ne ya fi jawo muhawara. A ƙarƙashinsa ƙasar ta tashi daga sahun matalauta zuwa mai ƙera ƙarfe da jiragen ruwa da motoci, ta hanyar tsare-tsaren shekara biyar-biyar da fifita fitar da kaya waje. Amma ma'aikata ne suka biya kuɗin wannan cigaba. 'Yan mata ƙanana suna ɗinki na awa goma sha huɗu ko fiye a ɗakuna marasa iska. A ranar 13 ga Nuwamba, 1970 wani tela mai shekara 22, Jeon Tae-il, ya cinna wa kansa wuta a kasuwar Pyeonghwa ta Seoul yana neman a yi aiki da dokar ƙwadago da ke rubuce. Hukumar leƙen asiri ta sace jagoran adawa Kim Dae-jung daga wani otal a Tokyo a 1973. A watan Afrilun 1975 an rataye mutum takwas bisa zargin kafa jam'iyyar juyin juya hali, ƙasa da kwana ɗaya bayan Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin. A 2007 kotu ta wanke su.

Shugaban hukumar leƙen asirin da kansa, Kim Jae-gyu, shi ya harbe Park ranar 26 ga Oktoba, 1979. Janar Chun Doo-hwan ya ƙwace iko da rundunar soja a watan Disamba. Da mutanen birnin Gwangju suka ƙi amincewa da dokar soja a watan Mayun 1980, aka tura musu sojojin laima. Alƙaluman hukuma sun nuna mutuwar kusan mutum 200, iyalan mamata kuma sun daɗe suna cewa adadin ya fi haka. An shaida wa sauran ƙasar cewa 'yan tarzoma ne da 'yan kwaminisanci ke zugawa.

Bambancin Kudu da Arewa shi ne, kama-karyar Kudu ba ta taɓa iya toshe kowace kafa ba. Akwai coci-coci da jami'o'i da jaridu da jam'iyyun adawa, akwai kuma kasuwanci da ƙasashen waje wanda ya sa gwamnati jin kunyar duniya. A Janairun 1987 wani ɗalibi, Park Jong-chul, ya mutu a hannun 'yan sanda masu azabtar da shi da ruwa, kuma yunƙurin rufe maganar ya tonu. A watan Yuni gwangwanin barkonon tsohuwa ya sami wani ɗalibin, Lee Han-yeol, a ka. A wannan karon ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa suka bi ɗalibai kan titi, ga kuma gasar Olamfik ta 1988 na tafe. Ranar 29 ga Yuni gwamnati ta amince da zaɓen shugaban ƙasa kai-tsaye. A 1996 kotu ta yanke wa Chun hukuncin kisa, aka sassauta, daga baya aka yi masa afuwa. A 1997 aka zaɓi Kim Dae-jung, wanda gwamnatin Chun ta taɓa yanke wa hukuncin kisa, ya zama shugaban ƙasa.

7.0 Darasin Shekarar 1972

Shekara ɗaya ta isa ta nuna yadda masu mulkin biyu suka ci moriyar rabuwar. A ranar 4 ga Yuli, 1972 gwamnatocin biyu suka ba duniya mamaki da sanarwar haɗin gwiwa, inda suka amince a haɗe ƙasa cikin lumana ba tare da sa hannun baƙi ba. Jama'a suka yi murna, masu dangi a ƙetare suka fara sa rai. A watan Oktoba Park ya rushe majalisa, ya kawo kundin Yushin wanda ya soke zaɓen shugaban ƙasa kai-tsaye ya kuma cire iyakar wa'adi, da hujjar cewa tattaunawa da Arewa na buƙatar shugaba mai ƙarfi. A watan Disamba Kim Il Sung ya kawo nasa sabon kundin, wanda ya ƙirƙira masa kujerar shugaban ƙasa mai cikakken iko. Tattaunawar ta wargaje a shekara mai zuwa, amma ikon da kowannensu ya tara ya zauna.

8.0 Iyalan da Aka Raba

Sai a 1985 aka fara barin wasu 'yan tsirarun iyalai su ƙetare iyaka su ga juna. Bayan ganawar Kim Dae-jung da Kim Jong Il a Pyongyang a watan Yunin 2000, aka riƙa shirya irin wannan ganawa jefi-jefi, mafi yawa a wurin shaƙatawa na dutsen Kumgang da ke Arewa. A Kudu ƙuri'ar kwamfuta ce ke zaɓar kusan mutum ɗari a kowane zagaye, daga cikin sama da 130,000 da suka yi rajista. Wanda ya dace yakan sami kwana uku, a cikinsu awanni kaɗan ne na ganawa, mafi yawa a gaban jami'ai. Daga nan sai a shiga mota, kuma ba a ba mutum dama ta biyu. Ganawa ta ƙarshe ita ce ta watan Agustan 2018. Mafi yawan waɗanda suka yi rajistar sun riga sun rasu.

Akwai kuma sabon rukunin rababbu, wato kusan mutum 34,000 da suka tsere daga Arewa suka isa Kudu, fiye da kashi 70 cikin ɗari mata. Yawancinsu sun bi ta Sin, wadda ke mayar da duk wanda ta kama, sannan suka ratsa zuwa ƙasashe irin su Tailan. A Kudu sukan yi wata uku a cibiyar Hanawon suna koyon amfani da banki da neman aiki. Da yawansu na kokawa da wariya, kuma karin harshensu ne ke fara tona su.

9.0 Harshe Ɗaya, Ƙa'ida Biyu

Ga mai nazarin harshe, Koriya misali ce ta yadda siyasa ke sarrafa magana. Kudu ta riƙe karin Seoul a matsayin daidaitacce. Arewa ta daina amfani da haruffan Sinanci a rubutun yau da kullum tun 1949, sannan a 1966 ta ɗauki karin Pyongyang, ta sa masa suna harshen al'ada, ta maye gurbin kalmomin aro da yawa da ƙirƙirarrun kalmomin gida. Kudu kuwa ta ari dubban kalmomi daga Ingilishi. Kalmar tongmu, wadda asalinta aboki take nufi, ta koma ma'anar ɗan gwagwarmaya a Arewa, sai mutanen Kudu suka ƙaurace mata suka riƙe chingu. Nahawu bai sauya sosai ba, kuma ana fahimtar juna a hirar yau da kullum, amma a fannonin sana'a tazarar tana da faɗi. Da aka haɗa ƙungiyar mata ta wasan hoki na ƙanƙara ta ƙasashen biyu a gasar Olamfik ta 2018, sai da aka shirya musu jerin kalmomi domin su fahimci juna a fili.

A 2005 masana daga ɓangarorin biyu suka fara haɗa babban ƙamus na bai-ɗaya mai suna Gyeoremal Keunsajeon, amma zaman haɗin gwiwar ya tsaya bayan 2015. A 2023 Arewa ta kafa dokar kare harshen Pyongyang, wadda ta tanadi hukunci mai tsanani ga mai kwaikwayon salon maganar Kudu, kamar mace ta kira mijinta oppa, wato yaya, yadda ake yi a finafinan Seoul.

10.0 Kammalawa

A ƙarshen 2023 da farkon 2024 Kim Jong Un ya bayyana cewa Arewa da Kudu ƙasashe biyu ne masu gaba da juna, ya yi watsi da manufar haɗewa da kakansa da mahaifinsa suka riƙe, aka kuma rushe babbar ƙofar tunawa da haɗin kai da ke Pyongyang. A Kudu ma binciken ra'ayin jama'a na nuna cewa matasa da yawa ba su ɗauki haɗewa a matsayin wajibi ba, ganin irin kuɗin da za ta ci da kuma cewa ba su san kowa a can ba.

Tsohuwar hujjar kuwa ba ta mutu ba. A daren 3 ga Disamba, 2024 Shugaba Yoon Suk Yeol ya ayyana dokar soja a Kudu, yana cewa zai kare ƙasa daga magoya bayan Arewa. Jama'a suka fito suka tsaya gaban motocin soja, wasu 'yan majalisa suka haura katanga, 190 daga cikinsu suka kaɗa ƙuri'ar soke dokar, kuma cikin awa shida aka janye ta. A watan Afrilun 2025 Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar da tsige shi. Kalmomin da Rhee da Park da Chun suka yi mulki da su na shekaru, a wannan karon ko dare ɗaya ba su kai ba. Mutanen da suka yi wannan tsayuwa da waɗanda ke goge hotunan shugabanni a Pyongyang jikokin kakanni ɗaya ne, masu harshe ɗaya da tarihi ɗaya har zuwa 1945. Abin da ya bambanta su shi ne gefen layin da iyayensu suka tsinci kansu, da kuma ko mulkin da ya same su ya bar wata kafa da talaka zai iya yin magana.